Shekara 12 a Kujerar Mataimakiya



A ranar 22 ga Afrilu, 2020, jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiyana a ƙasar Amurka ta naɗa sabuwar mai horar da ƙungiyarta ta ƙwallon kwando ta mata. Sunanta Niele Ivey, ana faɗinsa Niyel Aibi. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta zama babbar mai horarwa a wannan jami'a, a kowane irin wasa. Kafin wannan rana ba ta taɓa shugabantar ƙungiya ko ɗaya ba. Aikin da aka san ta da shi shi ne mataimakiya, kuma shekara 12 ta yi tana yin sa a jami'ar.

A ganina jami'ar ta yi daidai har sau biyu. Ta yi daidai da ta ba wadda ta daɗe a kujerar mataimakiya wannan aiki. Ta kuma yi daidai da ba ta yanke mata hukunci da sakamakon shekararta ta farko ba, duk da cewa shekarar ba ta yi daɗi ba. Zan kawo dalilaina, daga baya in faɗi inda abin ya shafe mu.

Wani zai ce, mene ne abin surutu a kan kocin makaranta? To, a Amurka jami'o'i ne ke renon 'yan wasa. Yarinyar da ta iya ƙwallo takan samu gurbin karatu kyauta, tana karatu tana buga wa jami'ar wasa. Ana nuna wasannin a talabijin, dubban mutane suna sayen tikiti su shiga kallo. Duk shekara a watan Maris ana fara babbar gasar ƙasa, wadda a 2025 ƙungiyoyi 68 suka shiga. Dokar gasar ba sassauci: an cinye ku sau ɗaya, sai gida. Babbar mai horarwa ita ke zaɓen 'yan wasa, ita ke tsara atisaye, ita ke cewa wance ta shiga, wance ta fito ta huta. Idan an yi nasara 'yan wasa ake ɗagawa sama. Idan an faɗi, ita ake nema.

Kujerar da Ivey ta hau kuma ba ƙaramar kujera ba ce. Matar da ta sauka, Muffet McGraw, ta yi shekara 33 a kanta, ta ci kofin ƙasa sau biyu, a 2001 da 2018. Duk wanda ya gaji irin wannan, kullum da na gabansa za a riƙa auna shi.

An haifi Ivey a 1977 a birnin St. Louis na jihar Misuri. Ta shiga Notre Dame a 1996 a matsayin ɗaliba kuma 'yar wasa, a ƙarƙashin ita McGraw ɗin. Gurbin da take bugawa shi ne na mai raba ƙwallo, wato wadda ke ɗauko ƙwallo daga baya, ta duba filin, ta san wa ya kamata ta miƙa wa. Sau biyu jijiyar gwiwarta ta tsinke tana jami'a. Wannan ciwo ne da ke buƙatar tiyata da watanni ana jinya, wasu ma daga shi ba sa sake dawowa yadda suke. Ita ta dawo duka sau biyun. A 2001, shekararta ta ƙarshe, suka doke jami'ar Purdue da maki 68 da 66 a wasan ƙarshe. Wani abin daɗi, a St. Louis aka buga wasan, garin da aka haife ta.

Daga nan ƙungiyar Indiana Fever ta gasar ƙwararru ta WNBA ta ɗauke ta, ta yi kaka biyar a gasar. A watan Fabrairun 2002 ta haifi ɗanta Jaden, wanda ya taso a bakin filin atisaye yana kallon mahaifiyarsa tana aiki. A 2022 ƙungiyar Detroit Pistons ta gasar NBA ta zaɓe shi a lamba ta biyar cikin sabbin 'yan wasa.

Yanzu ga wurin da nake so ku duba da kyau. Da ta daina wasa a 2005, babu wanda ya kira ta ya ce zo ki riƙe ƙungiya. Jami'ar Xavier ta tafi, ta karɓi aikin ofis na ƙungiyar mata, ta yi shekara biyu. Matar da ta ɗaga kofin ƙasa, ta buga wasan ƙwararru, ita ce ta koma kan tebur tana hidimar takardu. A 2007 McGraw ta kira ta ta dawo Notre Dame a matsayin mataimakiya. Nan ta zauna har 2019.

Me mataimakiya ke yi? Mu da ke kallo muna ganin kamar zama kawai take a benci da takarda a hannu. Aikinta kafin ranar wasa ake yin sa. Ita ke zama ta kalli bidiyon abokan karawa, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har ta gane cewa wance ba ta iya bi ta hagu ba, wance kuma tana gajiya a zango na huɗu. Ita ke tsayawa da 'yar wasa ɗaya bayan kowa ya tashi, ana gyara yadda take jefa ƙwallo. Ita ke yawo makarantun sakandare tana neman yara masu baiwa, ta zauna da iyayensu ta shawo kansu. Idan yarinya ta yi kewar gida ko karatu ya yi mata nauyi, sau da yawa mataimakiya take fara faɗa wa, domin an fi sakin jiki da ita.

Ivey ce ke kula da 'yan wasan baya, kuma ta hannunta manyan 'yan wasa irin su Skylar Diggins da Jewell Loyd da Arike Ogunbowale suka bi. Sunan ta ƙarshen ya isa ya sa ku ɗaga kunne, domin mahaifinta ɗan Najeriya ne. A 2018 Arike ta yi abin da har yau ake labari. A wasan kusa da na ƙarshe ta jefa ƙwallon da ta kayar da jami'ar Connecticut saura daƙiƙa ɗaya a tashi, aka tashi 91 da 89. Bayan kwana biyu, a wasan ƙarshe da Mississippi State, ta sake jefa wata daga nesa daidai lokacin tashi, aka tashi 61 da 58. Duniya ta ga Arike, ta ga McGraw riƙe da kofi. Wadda ta yi shekaru tana atisaye da Arike tana gefe, ba kowa ya san sunanta ba.

A shekarun da Ivey ta yi tana mataimakiya, Notre Dame ta je wasan ƙarshe na ƙasa sau shida: 2011, 2012, 2014, 2015, 2018 da 2019. Sau ɗaya suka ci, sau biyar aka cinye su. Na 2019 ma da maki ɗaya tal suka rasa kofin a hannun jami'ar Baylor. Duk wannan a kan idonta aka yi. Ta ga yadda ake shirya wa babban wasa. Ta ga abin da shugaba ke faɗa wa yara masu kuka a ɗakin sauya kaya. Ta ga shawarar da ta yi amfani da wadda ta jawo asara, kuma a lokacin ba wuyanta laifin yake ba. Babu ajin da ake koyar da wannan. Shi ya sa nake cewa kujerar mataimakiya makaranta ce, har ma ana biyan ɗalibin albashi.

A 2019 ta tafi ƙungiyar maza ta Memphis Grizzlies a gasar NBA. Can ɗin ma mataimakiya ce. Ta ƙaro wani ilimin na yadda ƙwararrun maza ke aiki, kafin jami'arta ta kira ta gida. Saboda haka ranar da aka naɗa ta, sabuwa ce a kujerar kawai. Ta san jami'ar tun tana ɗaliba, ta san yadda ake neman 'yan wasa, ta san zafin faɗuwa a wasan ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya, ita kuwa tata gorar ta daɗe a fafe.

Sai dalilina na biyu, wato haƙurin da aka yi da ita. Ƙungiyar da ta gada ba irin ta 2018 ba ce. A 2019 duka 'yan wasa biyar da ke fara wasa sun tafi gasar ƙwararru a lokaci guda. Kakar da ta biyo baya, wadda ita ce ta ƙarshe ga McGraw, wasa 13 aka ci, aka faɗi 18. Ga shi kuma an naɗa Ivey ana tsakiyar kullen korona, makarantu a rufe. A kakarta ta farko ta ci wasa 10, ta faɗi 10, ba su ma samu shiga gasar ƙasa ba. Ga jami'ar da ta saba zuwa wasan ƙarshe, wannan abin kunya ne.

Da a ce an biye wa masu gaggawa, da an ce ai ga shi nan, mataimakiya ba ta iya shugabanci ba. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Kaka ta biyu ta ci 24, ta faɗi 9. Ta uku ta ci 27, ta faɗi 6, aka zaɓe ta gwarzuwar masu horarwa ta rukuninsu na ACC a 2023. Ta huɗu ta ci 28, ta faɗi 7, suka ɗauki kofin rukunin a 2024. Ta biyar ta ci 28, ta faɗi 6. Mace ɗaya ce, jami'a ɗaya ce. Abin da ya sauya lokaci ne.

Akwai dalilin da ya sa lokaci ke da muhimmanci a wannan aiki. Kocin jami'a takan nemi yarinya tun tana sakandare. Sai yarinyar ta gama makaranta ta zo, sannan ta koyi tsarin wasan kocin, ta saba da abokan wasanta. Ke nan a shekarar farko, yawancin 'yan wasan da sabuwar koci ke aiki da su ba ita ta zaɓo su ba. Jim kaɗan bayan naɗa Ivey, wasu yara biyu masu baiwa, Olivia Miles da Sonia Citron, suka amince za su zo Notre Dame. Amma sai a 2021 suka fara buga mata wasa, kuma da su ne ƙungiyar ta farfaɗo. Wanda ya shuka gero yau, ba ya zuwa gona da lauje gobe.

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganarsu ba ta banza ba ce.

Wasu za su ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne, amma sai a san abin da ake dubawa a Larabar. Idan maki kawai aka duba, an yi kuskure. A duba ko yara suna ƙaruwa da iyawa, ko suna jin maganarta, ko sabbin masu baiwa suna son zuwa wurinta. A shekarar 10 da 10 ɗin nan, alamar ƙarshe ta fito fili.

Wasu kuma za su ce, to ina kofin ƙasa? Daga 2022 zuwa 2025, sau huɗu a jere Ivey ta kai ƙungiyarta zagayen ƙungiyoyi 16, sau huɗun kuma nan aka tsayar da ita. Magoya baya suna da damar su yi ƙorafi, domin wannan jami'a ba ta saba tsayawa a nan ba. Sai dai a tuna, ita kanta McGraw a 1987 ta fara aiki, sai 2001 ta ɗaga kofi, bayan shekara 14. Dawn Staley, wadda a yau kowa ke yi wa kallon gwana, ta karɓi jami'ar South Carolina a 2008. Kakarta ta farko ta ci 10, ta faɗi 18. Ta biyu ta ci 14, ta faɗi 15. Da an sallame ta a lokacin, da jami'ar ba ta ga kofunan 2017 da 2022 da 2024 ba. A kakar da ta ƙare a 2024 ma wasa 38 suka buga, ba a cinye su ko sau ɗaya ba.

Magana ta uku ita ce ta fi ƙarfi. Ba kowace mataimakiya ce ke zama shugaba ta gari ba, kuma ba kowace shugaba ce ta fara da mataimakiya ba. Ita Staley ɗin, a 2000 jami'ar Temple ta ba ta babbar kujera kai tsaye, tana ma kan buga wasa. Na yarda hanya ba ɗaya ba ce. Amma ita ma ba ta tsallake koyo ba. Shekara takwas ta yi a Temple tana gogewa kafin ta tafi South Carolina, ga kuma zinaren Olamfik da ta ci tana 'yar wasa a 1996 da 2000 da 2004. Na kuma yarda cewa wani lokaci akan bar mutum ya tsufa a kujerar mataimaki saboda son kai ko wariya, a riƙa ce masa ya ƙara haƙuri. Wannan zalunci ne, ba shi nake karewa ba. Abin da nake cewa shi ne, idan kujera ta buɗe, a fara duba wanda ya daɗe yana yin aikin a ɓoye. Abin da Notre Dame ta yi ke nan.

Mu ma a Najeriya mun ga amfanin wannan. Rena Wakama, wadda aka haifa a Amurka a 1992 kuma iyayenta 'yan jihar Ribas ne, ta yi shekaru tana aiki a kwalejin Manhattan da ke New York. Da aikin tsare-tsaren ƙungiya ta fara, sannan ta zama mataimakiya. A watan Yunin 2023 aka ba ta ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, saura 'yan makonni a fara gasar Afirka. A watan Agusta, a birnin Kigali na Ruwanda, suka doke Senegal da maki 84 da 74, ta zama mace ta farko da ta ci wannan kofi a matsayin babbar mai horarwa. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 suka doke Ostareliya da Kanada, suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas, abin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. Ita nasararta da wuri ta zo, domin ta tarar da ƙungiyar da ta riga ta ci kofin Afirka sau uku a jere. Amma ilimin da ta riƙe su da shi, a kujerar mataimakiya ta samo shi.

To mu a makarantar nan fa? Ku faɗi gaskiya, ranar da ake zaɓen monita, wa ke ɗaga hannu yana son mataimaki? Idan aka ba mutum, har tsokanarsa ake yi, ana ce masa ɗan rakiya. Wasu ma fushi suke yi su ƙi yin aikin, wai an raina su. A filin wasa kuwa kowa kyaftin yake so. Ɗauko ƙwallo daga ofis, da kawo ruwa, da rubuta maki, sai a tura 'yan aji ɗaya. Sannan idan aka naɗa sabon kyaftin aka cinye gidansu a wasan farko, kafin a tashi makaranta an gama yanke masa hukunci. Haka muke yi wa sabon malami ma. Mako biyu da zuwansa, an riga an ce bai kai wanda ya tafi ba, alhali wanda ya tafin shekaru ya yi kafin ya san halin kowa.

Ina da roƙo guda uku. Ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda aka ba mataimaki ya riƙe da hannu biyu. Ya sa ido ya ga yadda na gabansa ke raba faɗa, da yadda yake magana da malamai, da inda yake kuskure. Ranar da aka kira shi gaba, ba zai tsaya yana rarraba ido ba.

Ga malamanmu masu zaɓen shugabannin ɗalibai, don Allah idan shekara ta zagayo a riƙa tambaya, wa ya yi aiki a bara ba tare da an kira sunansa a taron safe ba? Idan muka ga ana ɗaga mataimakin da ya yi ƙoƙari, za mu daina gudun kujerar. Idan kuma aka naɗa sabo, a ba shi aƙalla zangon karatu guda kafin a auna shi.

Ga malaman wasanni kuma, muna roƙon a ba 'yan mata damar koyon aikin horarwa tun yanzu. Ba kowace yarinya ce ke da tsawo ko gudu ba, amma akwai masu ido da lissafi. A ba ɗaya littafin rubuta maki, a ba wata agogo, a bar wata ta tsaya kusa da malam ta ji abin da yake faɗa wa 'yan wasa lokacin hutu. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo daga asusun makaranta. Iyaye da yawa kuma za su fi sakin jiki su bar 'ya'yansu mata su yi wasa idan mace ce ke horar da su, kuma irin waɗannan mata ba za su samu ba sai an fara koya musu tun suna kamarmu.

Niele Ivey tana da shekara 42 aka ba ta kujerar da ta fara yi wa hidima tun tana 'yar shekara 29. Yawancinmu a ƙaramar sakandare ko 15 ba mu kai ba. Idan an ba ka mataimaki a wannan zangon, ba ka makara ba.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, ya rubuto ya ba kulob, a liƙa a allon nan mako mai zuwa.

Wassalam.

Daga 'yar kulob ɗin 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.